Tabarmar Aro a Jakara

Duk wanda ya taɓa cin gurasar Jakara da sassafe, mai zafi, an barbaɗe ta da ƙuli-ƙuli an yaryaɗa mata man gyaɗa, to da wuya bai ci ta hannun Mabruka ba. Gajeriyar mace ce, fara, mai faɗin kafaɗa. Ta haura sittin, amma har yanzu in ta ɗaga murya a lungunsu sai an jiyo ta a bakin Kasuwar Kurmi. Hannunta na dama, daga wuyan hannu zuwa gwiwa, babu ko silin gashi, fatar ta yi duhu ta yi sulɓi, saboda shekara da shekaru tana zura shi cikin tanderu tana manna kwaɓi a jikin bango mai zafi. Yara na ce mata Baba Mabruka, 'yan sari na ce mata Hajiya ko da yake ba ta taɓa hawa jirgi ba. Duk yadda aka kira ta tana amsawa, in dai ba tana tsakiyar fitar da gurasa ba ne.

Kakanninta Larabawan fatauci ne da suka keto Sahara suka zauna cikin birni tun zamanin da ake rufe ƙofofin ganuwa. Dukiyar ta ƙare tun kafin a haife ta. Abin da ya iso gare ta shi ne farar fata da dogon hanci da sana'ar gurasa, wadda mahaifiyarta ta koya mata da ranƙwashi. Ta auri Malam Salihu, wani tela ɗan Soron Ɗinki, mutum mai sanyin hali da ya gwada gardama da ita sau ɗaya a farkon aure bai sake ba. Suka zauna a gidan ƙasa a Jakara, suka haifi 'ya'ya, suka binne wasu, sauran suka girma suka watse. Auta Bahijja ce ta yi aure kusa, ita ke zuwa kullum ta taya ta kwaɓi.

Amma gurasa ba ita ta fitar da sunan Mabruka daga lungu ba. Tabarmi ne suka fitar da shi.

Kowace yamma, kafin kiran magariba, takan buɗe soron gidanta ta zauna a kan kujera 'yar tsugunno. Gefenta tarin tabarmin roba da butoci da gutsattsarin sabulu, ga barguna in lokacin sanyi ne, ga gidan sauro in damina ce. Kowane kaya an ɗaura masa ɗan ƙyalle shuɗi, irin ragowar da marinan Ƙofar Mata ke yarwa, don a san nata ne. Sai masu kwana a rumfunan kasuwa da ƙarƙashin barandar mutane su fara ɓullowa. Akwai tsofaffin 'yan dako da ƙarfi ya ƙare musu, akwai 'yan cirani da ciranin ya ƙi ƙarewa, akwai mutanen ƙauye da 'yan bindiga suka taso, har da waɗanda kansu ya ɗan taɓu. Kowa ya karɓi nasa ya tafi. Bayan sallar asuba kuma kowa ya dawo da shi, tabarma a naɗe, buta a ɗauraye, sannan ya miƙa hannu a ɗora masa gurasa mai ƙona yatsa.

Doka ɗaya ce a soron nan, kuma baƙo kan koye ta a ranar farko. In ya karɓi tabarma ya rusuna ya ce, “Allah ya ba da ladan sadaka,” sai ta fizge abarta.

“Wace sadaka? Aro ne. Gobe da safe ka dawo min da kayana, in ka ɓata min kuwa za ka san ni.”

Ba wai tana ƙin sadaka ba ne. Tana yin tata inda ta ga ya dace, kuma ba ta shelarta. Abin da ya sa ta kafe a kan wannan kalma tsohon labari ne. Malam Salihu bai daɗe da rasuwa ba aka yi wata damina mai nauyi, ruwa ya yi ta zuba ba ƙaƙƙautawa har katangar ɗakinta ta jiƙe ta zauna, azara ta rufto. Allah ya tsare rayuka, amma ita da yara suka ƙarasa daminar a soron maƙwabta, da labulen buhu. Mutanen unguwa sun yi ƙoƙari, ba a raina musu ba. Zannuwa sun zo, tuwo ya zo. Sai dai yadda suke zuwa ne ya dinga cin ta a rai. A aiko yaro ya dire kwano ya ce wai ga sadaka, ya juya. Matan da jiya suke leƙowa aron rariya suka daina tambayarta komai, ko gishiri. In ta shigo taro sai a sassauta murya. Ta ce a lokacin ji ta yi kamar an riga an yi mata ta'aziyyar kanta.

Rannan sai ga Hassana, wata maƙwabciya mai tsiwa da ba sa ga maciji da juna, ta shigo da ƙatuwar tukunya ta dire a gabanta.

“Ke Mabruka, aro ne, ba kyauta ba. Ran Juma'a ina da suna, ki dawo min da ita a wanke. In kika lotsa min murfi kuwa sai mun kwashi 'yan kallo.”

Mabruka ta bi ta da harara har ta fita, sannan ta zauna ta yi kuka mai daɗi. Ashe har yanzu akwai mai jiran ta ran Juma'a, akwai mai ganin ta isa a riƙe ta da alkawari, a yi faɗa da ita in ta saɓa. Ta wanke tukunyar nan da toka har tana ɗaukar ido, ta kai da kanta, suka yi cacar baki a kan murfin da tun asali a lotse yake. Ta dawo da ƙarfinta.

A shekarar ce mahaifiyarta, wadda kowa ke kira Inna, tana dogara sanda, ta zo ta kafa mata babban tanderu a kangon da ke jikin gidan. Kangon a rabon gado ya faɗa hannun Hashim, ƙanen Malam Salihu, wanda a lokacin yaron shago ne, kuma shi da bakinsa ya ce ta yi ta amfani da shi. Tsohuwar ta zauna a ƙasa ta binne tanderun da hannunta, ta yaɓe gindinsa da laka, ta hura masa wutar farko da kara. Shi ne aikinta na ƙarshe a duniya. Daga bakin wannan tanderu aka sake ta da ɗakunan da suka faɗi, aka aurar da 'ya'ya, daga baya aka ƙara ƙanana biyu a gefensa. Ya tsattsage an lilliƙe shi ba adadi, ya kama ƙasa ƙasa ta kama shi. Duk mai gurasa ta san tanderun da ya yi irin wannan zama ba ya tashi da rai.

Hashim ya zama Alhaji Hashim, mai shagunan yadi, shugaban kwamitin tsaron unguwa. Kuma a faɗi gaskiya, ba mugu ba ne. Shi ke gyara fanfon masallaci, shi ke tsayawa in an yi rasuwa. Ƙorafin da ake kawo masa a kan matar wansa ma ba duka ne sharri ba. Masu zuwa soron sun ƙaru. Bayan lungu ya fara zarni. An fizge wa wata ɗaliba waya da yamma, ba a kama kowa ba, amma kowa ya san inda ido ya nufa. Mata suka fara cewa ba sa son ratsa taron maza baƙi in za su aiki. Ya yi ta danne maganar saboda nauyinta da yake ji, har Naziru ya ɓallo ruwa.

Naziru na cikin masu zuwa soron, ya ba talatin baya, a da bakaniken babura ne mai hannu, ƙwaya ta cinye shi ta bar ƙashi da idanu. Wata safiya bai dawo da bargo ba, ya ce ya jiƙe yana shanya. Kwana biyu sai 'yan sintiri suka ga bargon rataye a rumfar mai gwanjo, da shuɗin ƙyallensa ko cirewa ba a yi ba.

Da hantsi Alhaji Hashim ya shigo kangon, yana tattare babbar riga saboda toka. Mabruka na durƙushe a bakin tanderu, ta ɗago tana share gumi da gefen mayafi.

“A'a, yau mijin nawa ya tuna da ni? Ko an hana ka karin kumallo ne a gida?”

Tsohon wasa ne tsakanin matar wa da ƙanen miji, sun fi shekara talatin suna yi. Yau bai yi dariya ba.

“Yaya Mabruka, kin ji inda aka ga bargonki. Ya shiga cikin Naziru ya zama ƙwaya. Abin da muke ta faɗa ke nan. Wallahi ba taimakonsu kike ba, sangarta su kike. Mutumin da ya san zai samu tabarma da sabulu da gurasa yana zaune, me zai sa ya nemi aiki? Me zai sa ya koma garinsu?”

“Wane garin? Na tsoho Malam Isyaku mai karɓar tabarma a nan, da aka ƙone ƙurmus? Ko aikin dakon ne zai koma da bayan da ba ya miƙewa?” Ta zura hannu ta ɓamɓaro gurasa ta wurga a faifai. “Alhaji, tabarmar roba ce fa. Ka taɓa jin wanda ya fasa gina gida don an ara masa tabarmar roba? Kafin in fara ma a waje suke kwana, a kan kwali, ba wanka. Bambancin kawai a lokacin ba ka ganinsu.”

“Naziru fa?”

“Naziru ya ci amanata, kuma ni da shi ne.”

Sai ya faɗi abin da ya kawo shi. Kwamiti ya zauna. An ce ba zai yiwu shugaba ya riƙa yi wa mutane wa'azin tsaro ba alhali a kangonsa ake hura wutar da ke tara baƙin. Ko ta rufe soron, ko ta kwashe tanderu daga kangon kafin sallar Juma'a.

Ta ci gaba da manna kwaɓi. Sai da ya fita ta ga ta ƙona gurasa har uku a jere, abin da rabonta da yi tun tana budurwa. Tsoro ne ya kama ta, tsoro na gaske. Tsakar gidanta ba ta fi shimfiɗar tabarma biyu ba, ƙaramin tanderu ɗaya zai shiga da ƙyar, hayaƙi ya kashe ta. 'Yan sari ba sa jira, za su koma wani gidan a mako guda.

Bahijja ta ajiye robar kwaɓi, idonta ya ciko.

“Umma, don Allah. Saboda Naziru za ki rasa tanderun Inna? Wanda ko sunanki ba ya tunawa in ya sha abinsa? Ki rufe soron nan ko na wata biyu ne, ƙura ta lafa.”

“In na rufe, a kan me za su kwana wata biyun?”

“A kan abin da suke kwana a da mana! Ke kika haife su?”

Mabruka ta yafa mayafi ta fita neman mai laifi. Ta same shi bayan rumfunan masu tukwane, da rana tsaka, ya jingina da bango yana gyangyaɗi. Ta tsaya a kansa ta riƙe ƙugu.

“Naziru, ina bargona?”

Ya buɗe ido da ƙyar ya yi wani murmushi. “Haba Baba. Abin sadaka kuma har sai an biyo sawu?”

Nan fa ya taɓo inda ba a taɓawa. Masu tukwane suka bar ciniki, masu wucewa suka ja birki.

“Wa ya ba ka sadaka? Ni? Ka ga na miƙo maka na kau da kai ne? Ara maka na yi, yadda nake ara wa matar liman turmi, don na ɗauke ka mutum mai kunya wanda za a jira da safe! In kai ka yanke ƙauna da kanka, ni ban yanke ba, shi ya sa na tako har nan cikin rana. Bargona nake bin ka, kuma ko shekara nawa za a yi ina bin ka!”

Murmushin ya gudu. Ya sunkuyar da kai yana wasa da ƙasa da yatsa, kunyar da aka daɗe ba a gani a fuskarsa ba ta leƙo.

“Ba ka da bargo a wurina sai wancan ya dawo,” ta ce, muryarta ta ɗan sauka. “Buta da sabulu kuwa ka zo ka karɓa, don ba zan zauna unguwa ɗaya da mai tsami ba.”

Da za a so a ce washegari ya dawo da bargo ya tuba ya koma gareji. Bai dawo da shi ba, har yau. Wata rana yakan zo karɓar buta, wata rana ba a ganinsa. Ita ma in aka matsa mata takan ce ba ta taɓa yi wa kowa alkawarin Naziru zai shiryu ba, abin da ta sani shi ne ranar da ya zo zai yi wanka.

Ran Alhamis da yamma Malam Isyaku ya tsaya bayan kowa ya karɓi nasa. Tsohon ɗan dako ne, bayansa ya lanƙwashe, ya fi kowa daɗewa a soron kuma bai taɓa makara da tabarma ba. Ya tsuguna nesa da ita yana murza hula.

“Hajiya, mun ji abin da ake ciki. Mun yi shawara a tsakaninmu. Daga gobe za mu daina zuwa. Mu mun saba, ba wani abu ba ne. Kada ki rasa abincinki saboda mu.”

Wannan ya fi maganar Alhaji yi mata ciwo, don hanya ce aka buɗe mata mai sauƙi, ba wanda zai ce ita ta kore su. Ta kalli tarin butocin. Sannan ta haɗe rai.

“Wa ya aike ka, Malam Isyaku? Ni na ce na gaji? Ɗauki tabarmarka ka ba ni wuri, kuma ka gaya wa sauran duk wanda ban gani ba gobe zan bi shi har inda yake kwana.”

Ran Juma'a ba a hura wuta a kangon ba. Ita da Bahijja suka ɗauki fartanya suka tone ƙananan biyun, suka fito lafiya, aka gangara da su cikin gida, ko da yake ɗaya kawai za a iya kafawa. Saura babban. Mabruka ta durƙusa ta fara ƙwaƙule lakar gindinsa a hankali, lakar da ta ƙone ta zama dutse. Suna cikin haka Alhaji Hashim ya shigo da shirin masallaci, yana ƙamshin turare. Ya ga ramuka biyu, ya ga fartanya, ya yi turus. A ransa bai taɓa zaton za ta yi ba.

“Subhanallahi! Yaya, me kike yi haka? Tsaya, don girman Allah tsaya.” Ya matso ya rage murya. “Ni fa ba so nake ki tashi ba. Ki ce min kawai kin daina, ko da baki ne, in je in gaya wa kwamiti. Ki rufe soron gaba. In ya so ki riƙa miƙa musu ta ƙofar baya, ɗaya-ɗaya, ba wanda ya gani. Ni ba zan bincika ba. Kin tsira da tanderunki, na tsira da mutuncina.”

Bahijja ta kalli uwarta da roƙo a ido. Shawara ce ta masu hankali, irin wadda ake kashe rigima da ita a cikin birni tun kaka da kakanni, kowa ya rufa wa kowa asiri. Mabruka ta sani, kuma ta san da zuciya ɗaya ya kawo ta.

“Hashimu,” ta ce, sunan da ta daina kiransa da shi tun da ya dawo daga Makka. “Ka taɓa zuwa aron abu gidan maƙwabci ta ƙofar baya? Sai ɓarawo da wanda ake jin kunyar a gan shi. In na koma miƙa musu a ɓoye, na yarda ke nan su abin ɓoyewa ne. Na taɓa zama abin ɓoyewa a unguwar nan, kana ganina, a bayan labulen buhu. Ba zan yi wa wani ba.”

“To tanderun Inna fa? Kin san ba zai fita ba.”

“Na sani.”

Ta cusa bakin fartanya ƙarƙashin gindinsa ta danna da dukkan nauyinta. Ya yi wata 'yar ƙara kamar an taka busasshen ƙoƙo, tsaga ta taso daga ƙasa har baki, sannan ya buɗe gida biyu ya zube cikin raminsa. Tsohuwar toka ta tashi. A jikin wani ɓangare na lakar gindin, inda wuta ba ta taɓa kaiwa ba, ga shatin yatsun da suka yaɓe ta.

Bahijja ta toshe baki. Mabruka ta zauna daɓas a ƙasa ta yi kuka, kuka sosai, da sheshsheka, ba ta ɓoye fuska ba. Alhaji Hashim ya tsaya da carbi a hannu ya rasa inda zai sa idonsa. Ya sunkuya zai ɗauki wani guntu, ta ɗaga masa hannu.

“Bar shi, za ka ɓata rigarka.”

Ta share fuska da mayafi, ta dafa gwiwa ta miƙe, ta ce Bahijja ta miƙo mata tsintsiya.

“Kangonka kuwa, Alhaji, ka kyauta min, ba zan taɓa mantawa ba. Aro ka ba ni lokacin da ba ni da komai. Ka ɗan dakata in share maka shi, ba na mayar da kayan mutane da datti.”

Ta fara daga kusurwar gabas, tana tara toka da gutsattsarin laka wuri ɗaya. Da tsintsiyar ta iso inda yake tsaye, sai ya tattare rigarsa ya matsa mata.